Red Holzman, kocin da ya hana 'yan wasansa ɗauke ido daga ƙwallo

A ƙwallon kwando akwai wata tsohuwar dabara da har yau take hana masu horarwa barci. Ana kiranta fik-an-rol. Wani dogon ɗan wasa zai je ya tsaya cak a kan hanyar wanda ke gadin abokinsa mai riƙe da ƙwallo, mai gadin ya yi karo da shi, shi kuma dogon ya juya ya sulale zuwa kwando. Nan take masu tsaro biyu za su shiga tsaka mai wuya. In sun taru a kan mai ƙwallo, dogon ya samu fili. In sun bi dogon, mai ƙwallo ya jefa abinsa a natse.

William Holzman, wanda aka fi sani da Red, yana cikin waɗanda suka nuna cewa maganin wannan dabara ba ya hannun mutum biyun nan kaɗai.

An haife shi a birnin Niyok ranar 10 ga Agusta, 1920, iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani daga gabashin Turai. Ya yi wasa a jami'ar City College a ƙarƙashin koci Nat Holman, ya shiga sojan ruwan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya buga wa Rochester Royals, inda ya ci kofin NBA a 1951. Aikin horarwarsa na farko a ƙungiyar Hawks bai yi armashi ba, domin sallamarsa aka yi. Daga nan ya shafe kusan shekara goma yana yi wa Knicks farautar matasan 'yan wasa, aikin da ba a jin sunan mai yinsa, kafin a ba shi ragamar ƙungiyar a Disambar 1967.

Abin da ya fi nanata wa 'yan wasansa shi ne kowa ya riƙa ganin ƙwallo ko da yana gadin wani. Ƙaramin umarni ne a baki, amma a fili aiki ne ja. A zamanin, doka ta hana tsaron yanki a NBA, wato dole kowa ya riƙe mutuminsa. Ɗan wasan da ya ƙura wa mutuminsa ido kaɗai ba zai san an tare abokinsa ba sai ya ji ihun 'yan kallo. Wanda kuwa ya tsaya inda yake hango mutuminsa da ƙwallo a lokaci guda, zai ga dogon na shirin sulalewa, ya matso ya toshe masa hanya, wani kuma ya rufe gurbin da ya bari. Kafin nan ma, mai gadin dogon ya riga ya ɗaga murya ya gargaɗi abokinsa cewa ga tari nan ta hagu ko ta dama. Da haka rikicin mutum biyu ya zama aikin mutum biyar.

Sai dai tsari ba ya tafiya sai da mutanen da suka dace, kuma a nan Holzman ya yi sa'a. Walt Frazier gwani ne wajen fizge ƙwallo, Willis Reed na tsare da ƙasan kwando, sannan a Disambar 1968 aka kawo Dave DeBusschere daga Detroit, mai ƙarfi da zafin nama da zai iya karɓar kusan kowa idan an yi musayar gadi.

A kakar 1969-70 Knicks ta ci wasa 60, har da 18 a jere, kuma ita aka fi zura wa maki kaɗan a gasar. Gwajin gaske ya zo a wasa na biyar na zagayen ƙarshe da Lakers. Reed ya ji rauni tun farkon wasa, babu mai tsayin da zai tari Wilt Chamberlain. Sai DeBusschere da Dave Stallworth suka riƙa karɓa-karɓa a kansa, sauran suna toshe hanyoyin da ƙwallo za ta isa gare shi. Knicks ta farfaɗo ta ci 107 da 100. An fi tuna wasa na bakwai, ranar da Reed ya fito yana ɗingishi, Frazier ya ci maki 36 aka ɗaga kofi, amma wasa na biyar ne ya fi bayyana aikin koci.

A 1973 ya sake doke Lakers ya ɗauki kofi na biyu. Phil Jackson, wanda ciwon baya ya zaunar a kakar 1969-70, ya koyi abubuwa da yawa a gefensa, daga baya ya ci kofi 11 a matsayin koci.

Holzman ya bar aiki a 1982 bayan ya ci wa Knicks wasa 613, kuma a 1990 ƙungiyar ta rataye wannan lamba a rufin filin Madison Square Garden don girmama shi. Ya rasu ranar 13 ga Nuwamba, 1998, sakamakon sankarar jini, 'yan watanni bayan rasuwar matarsa Selma.