Diallo Telli: magatakardan farko na OUA da ya rasu cikin yunwa da ƙishirwa a kurkukun ƙasarsa

Ranar 1 ga watan Maris na shekarar 1977, Allah ya yi wa Boubacar Diallo Telli rasuwa a wani ɗan ɗaki na sansanin Boiro da ke birnin Konakiri, bayan an kwashe kwanaki ba a ba shi ruwa ko abinci ba. Bai wuce shekara 52 a duniya ba. Ƙasa da shekara biyar kafin wannan rana, shi ne ke riƙe da alƙalami da asusun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda muka fi sani da OUA, uwar Tarayyar Afirka ta yau.

Daga Futa Jalon zuwa Dakar

An haifi Diallo Telli a 1925 a garin Poredaka, cikin tsaunukan Futa Jalon na ƙasar Gine. Bafulatani ne. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da ta mallaka, makarantar da shugaba Diori Hamani ma ya ratsa. Daga nan ya wuce Faransa ya karanta shari'a, ya shiga makarantar horar da manyan jami'an mulkin mallaka a birnin Paris, ya fito a matsayin ma'aikacin shari'a a 1954.

Ya fara aiki a kotun Thiès ta Senegal, sannan Kwatano. Ba a jima ba aka kira shi Dakar, ofishin babban gwamnan Afirka ta Yamma, kuma a 1957 ya zama magatakardan Babbar Majalisar yankin, wadda ke duba kasafin kuɗin ƙasashe takwas, har da Nijar. A can ya ƙware a aikin da zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa, wato tsara takardu, shirya taro da bin sawun kuɗi.

Ranar 28 ga Satumban 1958, Gine ta ƙi amincewa da tayin Janar de Gaulle, ta zaɓi ƴancin kai nan take. Faransa ta kwashe ma'aikatanta da kayan aikinta. Diallo Telli na da babban muƙami da albashi mai tsoka a hannun Faransa, amma ya ajiye su ya koma gida. Shugaba Seku Ture ya tura shi Amurka domin nema wa sabuwar ƙasar kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ranar 12 ga Disamban 1958 Gine ta zama mamba ta 82. Ya zauna a New York a matsayin jakada, ya haɗa da jakadancin Gine a Washington na wani lokaci. A 1963 shi ne ya fara shugabantar kwamitin musamman na Majalisar mai yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu.

Kujerar da aka rage wa ƙarfi tun daga suna

Lokacin da ƙasashe 32 suka kafa OUA a Adis Ababa ranar 25 ga Mayun 1963, shugabanni da yawa na tsoron kada wani ma'aikaci ya zama shugaba a kansu. Saboda haka suka raɗa wa muƙamin suna babban magatakarda mai kula da harkokin gudanarwa, don kowa ya san iyakarsa ofis ce. Sai a taron Alƙahira na watan Yulin 1964 aka cike gurbin, inda Diallo Telli ya yi nasara a kan Emile Derlin Zinsou na Dahome.

Kundin ƙungiyar ya bayyana aikin dalla-dalla. Magatakarda ne ke jagorantar ma'aikata, shi ke tsara kasafin kuɗin shekara, ya gabatar wa majalisar ministoci su amince, abin da aka saba yi a zamansu na watan Fabrairu. Kowace ƙasa na biyan kasonta bisa ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi, da sharaɗin kada a ɗora wa ƙasa guda fiye da kashi 20 cikin ɗari. An yi haka ne don kada mai babban aljihu ya saye ƙungiyar. Kundin ya kuma haramta wa magatakarda da ma'aikatansa karɓar umarni daga kowace gwamnati, har da ta ƙasarsu.

A takarda abin ya yi kyau. A aikace, Diallo Telli ya tarar da ofis da ke bukatar komai. Sai an ɗauki ma'aikata daga ƙasashe masu aiki da Faransanci, Ingilishi da Larabci, kowace ƙasa kuma na son a ba ɗanta wuri. Sai an kafa dokokin albashi da na kashe kuɗi, an samo tafintoci, an fassara kowace takarda kafin kowane taro. Ga ofishin kimiyya da bincike a Legas, ga kwamitin ƴantar da Afirka a Darussalam, wanda ke da asusunsa na musamman don tallafa wa masu gwagwarmaya a Angola, Mozambik, Gine Bisau da kudancin nahiyar. Cikin mataimakansa akwai Mohamed Sahnoun na Aljeriya, wanda daga baya ya yi suna a harkar sasanta rikici.

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Shugabanni su taru su yanke shawarwari masu tsada, a tafa, kowa ya hau jirgi ya koma gida, amma kason ƙasarsa ya ƙi zuwa. Bashi na taruwa shekara bayan shekara, magatakarda kuwa ba shi da ikon tilasta wa kowa. Iyakarsa ya rubuta wasiƙa, ya yi tuni, ya karanta jerin masu bashi a gaban ministoci. Waɗanda ba su biya ba kuma su ne ke tuhumar ofishinsa da yawan kashe kuɗi da yawan tafiye-tafiye.

Inda aikinsa ya taɓa Nijar

Diallo Telli bai yarda ya tsaya a lissafi kaɗai ba. Yana magana da kakkausar murya kan mulkin mallakar Portugal da gwamnatin farar fata ta Rodeshiya, abin da ya sa wasu shugabannin ƙasashe renon Faransa ke ganin ya wuce gona da iri, kuma suna kallonsa a matsayin ɗan Seku Ture.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ya fuskanta ya shafi Nijar kai tsaye. A watan Afrilun 1965 an jefa wa shugaba Diori gurneti wajen sallar layya a Yamai, gwamnati kuma ta zargi Ghana ta Kwame Nkrumah da ba ƴan Sawaba mafaka da horo. A wannan shekarar ce Akara za ta karɓi taron ƙoli. Duk da kai da komon da aka yi, Nijar da Kodebuwa da Haute-Volta da Dahome da wasu ƙasashe sun ƙaurace wa taron na watan Oktoba.

Sai yaƙin Biyafara. A taron Kinshasa na 1967 an kafa kwamitin shugabanni shida, cikinsu har da Diori Hamani, a ƙarƙashin Sarki Haile Selassie na Habasha. A watan Yulin 1968 kwamitin ya zauna a Yamai, inda Janar Yakubu Gowon da Kanar Ojukwu kowannensu ya zo ya bayyana matsayinsa, kafin a mayar da tattaunawar Adis Ababa. Ƙasashen Afirka huɗu sun amince da Biyafara, wato Tanzaniya, Gabon, Kodebuwa da Zambiya, amma OUA ta tsaya kan haɗin kan Najeriya, kuma ba ta wargaje ba. A wannan shekara aka sabunta wa'adin Diallo Telli a taron Aljiyas. A watan Yunin 1972, a Rabat, aka maye gurbinsa da Nzo Ekangaki na Kamaru.

Komawa gida

Gine ta 1972 ba ita ce wadda ya baro ba. Bayan harin da sojojin Portugal suka kai Konakiri ranar 22 ga Nuwamban 1970, an kama ministoci da jakadu da dama, wasu an rataye su, wasu sun ɓace a Boiro. Achkar Marof, wanda ya gaje shi a New York, na cikin waɗanda aka hallaka. Abokai sun ba shi shawarar ya nemi aiki a waje, amma ya koma, kuma a watan Agustan 1972 aka naɗa shi ministan shari'a.

A watan Yulin 1976 aka kama shi, bisa zargin jagorantar wata maƙarƙashiya da gwamnati ta jingina wa Fulani. An azabtar da shi har ya karanta takardar amsa laifi, aka watsa a rediyo. Ba a taɓa gurfanar da wannan tsohon ma'aikacin kotu gaban kotu ba. A watan Fabrairun 1977 aka rufe shi, aka yanke masa ruwa da abinci, horon da ake kira diète noire a sansanin. Wasu tsofaffin ministoci biyu, Barry Alpha Oumar da Dramé Alioune, sun rasu ta wannan hanya a kwanakin. Gwamnati ba ta sanar da rasuwarsa ba, ƙungiyar da ya yi wa aiki shekara takwas kuma ba ta iya cetonsa ba, domin ƙa'idarta ta hana tsoma baki cikin harkokin cikin gida na mambobi. Sai bayan rasuwar Seku Ture a watan Maris na 1984 aka buɗe ƙofofin Boiro, duniya ta ga ɗakunan.

Daga baya an cire kalmar gudanarwa daga sunan muƙamin, kuma ɗan Nijar Idé Oumarou ya hau kujerar daga 1985 zuwa 1989, inda shi ma ya tarar da tarin bashin ƙasashe. Matsalar ta bi ƙungiyar har bayan ta rikiɗe ta zama Tarayyar Afirka a 2002. A taron Kigali na 2016 shugabanni sun amince kowace ƙasa ta riƙa cire kashi 0.2 cikin ɗari a kan wasu kayayyakin da ake shigowa da su daga wajen nahiyar, domin tarayyar ta rage dogaro da tallafin ƙetare. Har yanzu ba duka ƙasashe ne ke aiwatar da wannan shawara ba.