Frantz Fanon: likitan ƙwaƙwalwar da ya ƙaryata ilimin ƴan mulkin mallaka

A ranar 20 ga watan Yulin 1925 aka haifi Frantz Fanon a birnin Fort-de-France na tsibirin Martinique da ke yankin Karebiyan. A lokacin tsibirin yana hannun Faransa, kamar yadda ƙasar Damagaram take, kuma Zinder ce hedikwatar mulkin mallaka a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Mutane da dama sun san Fanon ne a matsayin ɗan gwagwarmayar ƴancin Afirka, amma sana'arsa ta asali ita ce duba masu taɓin hankali, kuma a asibiti ya fara yaƙinsa.

Fanon jikan bayin da aka kwaso daga Afirka ne. A makarantar sakandare ya yi karatu a gaban marubuci Aimé Césaire. A 1943 ya bar gida domin shiga rundunar Janar de Gaulle. An ji masa rauni a fagen daga a gabashin Faransa, har aka ba shi lambar yabo. Sai dai a cikin rundunar ya ga yadda ake jera sojoji bisa launin fata: Bature a sama, ɗan Karebiyan a tsakiya, sojojin Afirka ta Yamma a ƙasa.

Bayan yaƙi ya tafi birnin Lyon karatun likita, ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa. Ilimin halayyar ɗan Adam bai daɗe da tsayuwa da ƙafarsa ba a wancan zamani. A 1879 ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko na wannan fanni a Leipzig da ke Jamus, inda aka soma auna gani da ji da saurin amsawar mutum da na'urori. Amma da ilimin ya iso ƙasashen da aka mallaka, sai wasu suka mayar da shi makami. A Aljeriya, Farfesa Antoine Porot da almajiransa sun koyar da cewa ƙwaƙwalwar mutumin Arewacin Afirka ba ta cika ba, wai shi ya sa yake da saurin fushi da aikata laifi. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa rahoton wani likita mai suna Carothers da ya yi aiki a Kenya, wanda ya kwatanta lafiyayyen ɗan Afirka da Baturen da aka yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa.

Tun yana Lyon Fanon ya lura da leburori ƴan Arewacin Afirka da ke zuwa asibiti suna kukan ciwo a ko'ina a jikinsu, likitoci kuma suna ɗaukarsu maƙaryata ko malalata. A 1952 ya rubuta cewa ciwon nasu na gaske ne, kuma tushensa kaɗaici ne da talauci da wulaƙancin zaman baƙunta. A shekarar ce ya fitar da littafinsa na farko, Peau noire, masques blancs, wanda ya yi nazarin yadda raini ke shiga zuciyar wanda aka mallaka har ya riƙa ƙyamar harshensa da fatarsa. Daga nan ya samu horo a asibitin Saint-Alban a hannun François Tosquelles, likitan da ke ganin zaman tare da aikin hannu da hira suna cikin magani.

A watan Nuwamban 1953 aka tura shi asibitin Blida da ke kudu da birnin Aljiyas. An damƙa masa ɓangaren mata Turawa 165 da na maza Musulmi 220. Shi da mataimakinsa Jacques Azoulay suka kawo tsarin Saint-Alban: taruka, ƴar jaridar asibiti, sinima, waƙe-waƙe da bukukuwa. Matan suka samu sauƙi, amma mazan suka juya wa shirin baya. Maimakon ya ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwarsu kamar yadda mutanen Porot za su yi, Fanon ya binciki tsarin nasa. Ya gano cewa yawancin majinyatan ba su karanta Faransanci, shi kuma ta bakin tafinta yake magana da su, sannan duk abin da aka shirya al'adar wasu ce. Sai aka buɗe musu wurin shan gahawa irin na gida, kwatankwacin fadar da samarin Damagaram ke zama shan shayi, aka gayyato mai ba da labaran gargajiya, aka fara bukukuwan Sallah da ƙwallon ƙafa. A nan ne mazan suka fara sakin jiki.

Yaƙin neman ƴancin Aljeriya ya ɓarke a ranar 1 ga Nuwamban 1954. Fanon ya tarar da kansa yana jinyar waɗanda aka azabtar da kuma masu azabtarwar. Cikin majinyatansa har da wani jami'in ƴan sandan Faransa da aikin gana wa fursunoni azaba ya kai shi ga dukan matarsa da ƴaƴansa. A 1956 Fanon ya ajiye aiki, domin a ganinsa ba amfanin warkar da mutum a mayar da shi cikin yanayin da ya haukata shi. A watan Janairun 1957 aka kore shi daga Aljeriya. Ya koma Tunis, ya shiga ƙungiyar FLN, ya kuma buɗe sashen da majinyaci zai wuni a asibiti ya kwana cikin iyalinsa.

A 1960 gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya ta naɗa shi jakada a Ghana. A ƙarshen shekarar ya ratsa Mali ta Gao har iyakar Aljeriya, yana neman hanyar shigar da makamai ta hamada. Bayan dawowarsa aka gano yana da sankarar jini. Yana kwance ya kammala littafinsa na ƙarshe, Les Damnés de la terre. Ya rasu a wani asibiti da ke Bethesda a Amurka ranar 6 ga Disamban 1961, yana da shekara 36, watanni bakwai kafin Aljeriya ta samu ƴanci. An binne shi a ƙasar Aljeriya, kuma asibitin Blida yana ɗauke da sunansa a yau.

Har yanzu ana muhawara kan goyon bayan da ya ba gwagwarmaya da makami. Amma abin da ya gani a Blida yana nan da amfaninsa ga iyalai da ma'aikatan lafiya a Zinder. Mai fama da ciwon zuciya bayan ya gudo daga rikici ko ya dawo daga ci-rani hannu rabbana yana bukatar maganin asibiti, yana kuma bukatar wanda zai saurare shi da harshensa, ya san halin da ya fito, ya bar shi cikin mutane maimakon a sa masa mari a kulle a ɗaki.