Alex Haley, Mai Bin Diddigin Asalinsa

An haifi Alex Haley a Amurka cikin 1921. Tun yana yaro yake jin kakarsa tana ambaton wani kakansu da aka kamo daga Afirka aka sayar. Da ya bar rundunar tsaron gaɓar teku a 1959, sai ya kama rubutu, ya kuma shafe shekara 12 yana bin sawun maganar nan, har ƙauyen Juffure na Gambiya. Littafinsa Roots ya fito a 1976, ya jawo masa suna da arziki. Sai dai da masana suka gwada salsalar da tsofaffin takardu, wurare da dama ba su dace ba, abin da ya rage wa aikin daraja. Ya rasu a 1992.