Battista Sforza, Uwargidan Sarkin Urbino

A gidan adana zane-zane na Uffizi da ke birnin Fulorans, a ƙasar Italiya, akwai wasu alluna biyu da aka jera, miji da mata suna fuskantar juna. Mijin shi ne Federiko da Montefeltro, Sarkin Urbino, matar kuwa Battista Sforza. Piero della Francesca ne ya zana su.

An haifi Battista a garin Pesaro cikin 1446. Mahaifinta, Alessandro Sforza, shi ne mai garin. Mahaifiyarta ta rasu tun tana jaririya, amma ba a bar ta da maraici kawai ba, an ba ta ilmi irin na 'ya'ya maza. Ta ƙware a Latin har ta yi jawabi da shi a gaban Fafaroma Pius na Biyu.

Cikin 1460 aka aurar da ita ga Federiko, wanda ya girme ta da shekara 24. Shi kuwa yaƙi ne sana'arsa, sarakuna ke hayarsa da rundunarsa, don haka bai cika zama gida ba. In ya fita, Battista ce ke riƙon ƙasa, tana sauraron ƙararraki, tana lura da baitulmali, alhali ba ta kai shekara 20 ba.

Abin da ya dami fada shi ne rashin magaji. Matar Federiko ta fari ta rasu ba haihuwa, Battista kuma 'ya'ya mata ta yi ta haifa, aƙalla shida. Sai a watan Janairu na 1472 ta sami ɗa namiji, Guidobaldo. A watan Yuli na shekarar ta rasu a garin Gubbio, ba ta wuce shekara 26 ba. Federiko bai sake aure ba har ya rasu cikin 1482.

Masana da yawa na ganin bayan rasuwarta aka yi zanen, shi ya sa fuskarta ta yi fari fat. A al'adar irin waɗannan alluna, miji ke zama a hagun mai kallo. A nan an ba Battista wurin, domin Federiko ya rasa idonsa na dama a wasan mashi kan doki, gefen hagunsa kaɗai ake nunawa.

Guidobaldo ya gaji sarauta, ya rasu cikin 1508 bai haihu ba. Urbino ta koma hannun Francesco Maria della Rovere, ɗan Giovanna, ɗaya daga cikin 'ya'yan nan mata.