Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata: Ɗan Bebeji Da Ya Bi Teku Da Goro

An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a nan garinmu Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa waɗanda tun kaka da kakanni aka san su da fatauci. Mahaifinsa Madugu Abdullahi jagoran ayari ne, mahaifiyarsa kuma, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Yana ƙaramin yaro Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa, mahaifiyar kuma ta koma Ankara, wato Accra ta ƙasar Ghana, ta bar shi a hannun wata dattijuwa da ake kira Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah ya samo laƙabin da duniya ta san shi da shi.

A makarantar allo ta garin nan ya fara karatu, yana haɗawa da 'yan ƙananan saye da sayarwa don ya rufa wa kansa asiri. Da ya tasa sai ya bi ayarin Gwanja domin ya gano mahaifiyarsa, tafiyar da ta kai shi har bakin teku. Bayan dawowarsa gida aka yi yaƙin basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wanda ya ɓarke a 1893, kuma yana cikin waɗanda aka kama a wannan fitina, sai da aka yi fansa kafin ya sami kansa.

A wancan zamani fatake kan shafe wata da watanni a ƙasa da jakuna kafin su kawo goro daga Gwanja zuwa Kano, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga goro kuma ba ya jimre zafi. Kasuwar Salaga ma ta durƙushe bayan rikicin 1892. Alhassan ya lura cewa jiragen ruwan Turawa na zirga-zirga tsakanin Ankara da Ikko cikin 'yan kwanaki, don haka ya shiga sahun farko na 'yan kasuwar Arewa da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa. Da titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanyar ta haɗe daga bakin teku har Kurmi.

Zuwan jirgin ƙasa shi ya buɗe cinikin gyaɗa, Alhassan kuwa ya riga ya mallaki jari da amintattun yara a ƙauyuka. Ya zama babban mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa, kuma kafin tsakiyar shekarun 1920 babu attajirin da ya kama ƙafarsa a Kano. A 1929, da bankin Turawa wanda a yau ake kira First Bank ya buɗe reshe a Kano, sai da aka yi lodin raƙuma 20 na kuɗin azurfa kafin a kai ajiyarsa. Ya sauke farali, ya kuma yi suna da tsantseni da ƙin almubazzaranci. Allah Ya karɓi ransa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari. Daga zuriyarsa akwai Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, da tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote, wanda aka ƙaddamar da matatar mansa a gaɓar tekun Legas a 2023.

Ga 'yan uwanmu mazauna Legas da Ghana, da masu zuwa can kasuwanci, muna ba da shawarar a yi amfani da hutun makaranta na bazara a kai iyali su ga Ankara. A shekarar da aka haifi marigayi, 1877, Turawan Ingila suka mayar da ita hedikwatar mulkinsu. A tsohuwar unguwar Jamestown akwai ganuwar Ussher da mutanen Holan suka gina a 1649, da ganuwar James da Ingilishi suka gina a 1673, wuraren da aka tsare bayi kafin a haye da su teku, kuma tun 1979 suna cikin wuraren tarihi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su. Kusa da su akwai hasumiyar haska wa jirage hanya. A wannan gaɓa ce ake loda kaya a kwale-kwale a kai wa jirgi can cikin ruwa, domin garin bai da tashar da babban jirgi zai iya tsayawa sai da aka buɗe ta Tema a 1962. Daga nan sai a zarce Sabon Zango, inda yara za su ji Hausa a bakin jikokin fatake, a kuma yi salla a babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021. Wanda ya je a farkon Maris zai tarar da bikin 'yancin kai da ake yi ranar 6 ga wata tun 1957.

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birane sun san sunan Ɗantata, amma ba su san cewa daga Bebeji ya fito ba, wasu ma ba su taɓa kwana a garin ba. Nauyin sanar da su yana wuyanmu. Har yanzu a makarantun allonmu akwai marayu irin Alhassan, masu basira, waɗanda ba su da mai riƙe hannunsu. Muna kira ga kowane ɗan garin nan da Allah Ya buɗa wa, ya ɗauki nauyin karatu ko koyon sana'ar yaro ko da guda ɗaya ne, ya kuma riƙa kawo iyalinsa gida lokacin salla.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata da rahama, Ya gafarta wa magabatanmu, Ya kuma albarkaci garinmu, amin.