Jak Kusto: Bafaranshen Da Ya Goya Tukunyar Iska Ya Shiga Ƙarƙashin Ruwa

Duk wanda ka gani a talabijin goye da tukunyar iska yana yawo cikin kifaye, to gadon Jak Kusto yake ci. An haife shi ranar 11 ga Yuni, 1910, a garin Saint-André-de-Cubzac kusa da Bordo a ƙasar Faransa. Ya shiga makarantar sojan ruwa a 1930, kuma burinsa shi ne tuƙin jirgin sama, sai hatsarin mota ya karya masa hannuwa duka biyu. Domin hannuwan su yi ƙwari ne ya riƙa iyo a teku kusa da Tulon, kuma daga nan ruwa ya shiga ransa.

A wancan zamani mai nutso yakan sa hular ƙarfe da takalma masu nauyi, ana turo masa iska ta tiyo daga cikin jirgi, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. A 1943 Kusto da wani injiniya, Emile Gagnan, suka gyara wata 'yar na'ura da aka ƙera domin motoci masu amfani da gas. Sai ta koma tana sakin iska daga tukunya a lokacin da mutum ya ja numfashi kawai, kuma daidai da matsin ruwan da yake ciki. Suka sa mata suna Aqua-Lung.

Mai karatu, saura ƙiris wannan tukunya ta zama ajalinsa. A watan Agusta na 1946 shi da abokinsa Frederic Dumas suka shiga kogon Vaucluse kusa da Avignon, wani rami mai cike da ruwa inda kogin Sorgue ke ɓuɓɓugowa. Da suka kai zurfin mita 46 sai kansu ya fara juyawa. Dumas ya kusa suma, Kusto kuma ya rasa ƙarfin da zai ɗauko shi. A teku idan abu ya ɓaci sai ka yi sama, amma a kogo dutse ne a bisa kanka, kuma ba ka da wata iska sai wadda ka goyo. Wani abokin aikinsu da ke riƙe da igiya a bakin ramin, Maurice Fargues, shi ya jawo su waje da ƙarfin tsiya. Da aka bincika, ashe sabon injin da ya ɗura tukwanen ya riƙa zuƙo hayaƙin kansa yana cusawa ciki. Guba suka yi ta shaƙa ba su sani ba. Shi Fargues ɗin, Allah sarki, shekara guda bayan haka ya mutu a wani gwajin nutso mai zurfin mita 120.

Dumas ya tsara wa sojojin ruwa horon da a ganina ya fi ƙirƙirar na'urar muhimmanci. Ɗalibi zai cire gilashin fuskarsa a ƙarƙashin ruwa, ya fitar da bututun numfashi daga baki, ya sauke tukunyar, sannan ya mayar da komai ba tare da ya firgita ba. Har yau ana koyar da wannan. Masu shiga kogo ma sukan kwance tukunya su tura ta gaba idan hanya ta yi ƙunci, bututun na bakinsu, su bi ta da jan ciki.

'Yan uwanmu na Sudan suna da rabo a labarin. A 1963 Kusto ya kafa gida a ƙarƙashin Bahar Maliya, a Sha'ab Rumi kusa da Bur Sudan, inda mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10. Fim ɗin da ya yi a kan wannan ya ci kyautar Oscar. Ba a rasa abin zarginsa ba: a wani fim ɗinsa na 1956 an ga mutanensa suna tayar da nakiya a ruwa domin ƙirga kifaye, kafin daga baya ya zama mai kare teku.

Akwai labarin da ke yawo a majalisunmu cewa ya musulunta. Cibiyarsa ta musanta hakan tun yana da rai. Ɗansa Filip ya mutu a hatsarin jirgin sama kusa da Lisbon a 1979, shi kuma ya mutu a Faris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87. An yi masa addu'a a cocin Notre-Dame, aka kai shi garin haihuwarsa aka binne.