Juan Trippe: Mutumin da ya haɗa masu ƙera jirage gasa har jumbo ta iso wa alhazanmu

Duk shekara idan aikin Hajji ya ƙarato, maniyyata daga Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Ɓaure kan ɗaure kayansu su nufi filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Da yawa daga cikin alhazan wannan yanki sun yi tafiyarsu ne a cikin Boeing 747, ƙaton jirgin nan mai tozo a gaba da ake kira jumbo.

Jiragen ba sababbi aka sayo su ba. Sun yi shekaru suna aiki a wasu ƙasashe kafin farashinsu ya sauko har 'yan kasuwarmu su iya taya su. Yadda aka yi jirgin ya samu, da abin da ya karya kuɗinsa, duk suna komawa ne ga wani Ba'amurke mai suna Juan Trippe, wanda ya kafa kamfanin Pan Am.

Tasowarsa

An haifi Juan Terry Trippe ranar 27 ga Yunin 1899 a garin Sea Bright na jihar New Jersey. Mahaifinsa mai harkar kuɗi ne a New York. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koyi tuƙin jirgi a rundunar sojan ruwan Amurka, amma yaƙin ya ƙare kafin a tura shi fagen fama. Ya koma Jami'ar Yale ya kammala a 1921.

Bayan ɗan zaman da ya yi a kasuwar hannun jari, sai ya koma wa abin da zuciyarsa ke so. Jiragensa na farko na gwanjo ne: tsofaffin jiragen sojan ruwa da aka rasa yadda za a yi da su bayan yaƙi, ya saye su a kan dala 500 kowane ɗaya, ya riƙa ɗaukar masu kuɗi zuwa wuraren shaƙatawa. Wannan kamfani bai daɗe ba ya durƙushe.

A watan Oktoban 1927 Pan Am ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Key West a Amurka da Havana a ƙasar Kuba. Daga nan Trippe ya bi ƙasashen Kudancin Amurka yana neman izinin sauka da kwangilar kai wasiƙu. A 1935 jirginsa ya tsallaka tekun Fasifik zuwa Manila, a 1939 kuma ya fara kai fasinja Turai ta kan tekun Atalantika.

Pan Am a Kano

A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatocin Amurka da Birtaniya suka ba kamfanin Trippe aikin gudanar da hanyar jirage da ta ratsa Afirka. Hanyar ta tashi daga Akara ta bi Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, ta wuce Kartum har Alƙahira. Ta nan aka riƙa kai jiragen yaƙi da kayan aiki Gabas ta Tsakiya, kafin sojan Amurka su karɓi aikin a 1942.

Wani sashe na wannan hanya shi ne wanda alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna bi da ƙafa da jakuna ta Chadi da Sudan, tafiyar da kan ci watanni, wasu ma shekaru.

Cinikin 1955

Bayan yaƙi Trippe ya dage cewa jirgin sama bai kamata ya zama na masu hali kaɗai ba. Ya yi ta fafatawa da sauran kamfanoni har aka amince da kujeru masu rangwame a 1952. Amma lissafin ba zai fita ba sai da jirgi mai sauri mai ɗaukar mutane da yawa.

A lokacin kamfanin Douglas ne ke riƙe da kasuwar jiragen fasinja masu farfela. Boeing ya fi shahara da jiragen yaƙi, amma ya riga kowa a Amurka ƙera samfurin jirgin fasinja mai injin jet, wanda ya tashi a 1954. Douglas kuwa nasa DC-8 yana kan takarda.

Trippe ya nemi Boeing ya ƙara wa jirgin girma da ƙarfin inji yadda zai tsallaka Atalantika ba tare da ya tsaya shan mai ba. Boeing ya noƙe saboda kuɗin da sauyin zai ci. Douglas, da yake bai fara ƙira ba, ya amince. Ranar 13 ga Oktoban 1955 Pan Am ya sanar da sayen jirage 45 a kan dala miliyan 269: guda 20 ƙirar Boeing 707, guda 25 kuma DC-8.

Boeing ya gane karatun. Ya faɗaɗa cikin jirgin yadda zai ɗauki kujeru shida a jere, bayan wasu kamfanonin su ma sun matsa masa, sannan ya fito da babban samfuri mai cin dogon zango. Ranar 26 ga Oktoban 1958 jirgin 707 na Pan Am ya fara aiki tsakanin New York da Paris. Trippe bai sake yin odar DC-8 ba. A ƙarshe an ƙera 707 kusan dubu, DC-8 kuma 556, kuma a 1967 matsalar kuɗi ta tilasta wa Douglas haɗewa da kamfanin McDonnell.

Faɗuwar wani tashin wani

Cinikin ya girgiza kasuwar jiragen hannu. Da ganin Pan Am ya shiga jet, sauran manyan kamfanoni suka bi sahu don kada a bar su a baya. Jirage masu farfela irin su DC-7C da Lockheed Starliner, waɗanda aka fara karɓa sababbi a 1956 da 1957, suka zama tsohon yayi cikin 'yan shekaru. An mayar da wasu na ɗaukar kaya, wasu an sayar da su da araha ga ƙananan kamfanonin haya, wasu kuma an farfasa su alhali ba su tsufa ba.

Tun daga nan haka kasuwar take tafiya. Idan masu ƙira suka yi gasa, babban mai saye kan samu rangwame da irin jirgin da yake so. Da sabon ya iso sai ya saki na hannunsa, kuma idan kamfanoni da yawa suka saki nasu a lokaci guda, farashin na hannu ya faɗi.

Cacar jumbo

A watan Afrilun 1966 Trippe ya sake jefa wata caca. Shi da shugaban Boeing, William Allen, suka ƙulla cinikin jirage 25 ƙirar 747 a kan dala miliyan 525, wato dala miliyan 21 kowane ɗaya, tun jirgin bai wanzu ba. Sai da Boeing ya gina sabuwar masana'anta a Everett saboda girman jirgin, kuma bashin da ya ci ya kusa kai shi ƙasa.

Trippe ya sauka daga shugabancin Pan Am a 1968. Jumbo ta fara tashi a Fabrairun 1969, ta fara ɗaukar fasinja ranar 22 ga Janairun 1970 daga New York zuwa Landan.

Abokan gasa ba su zauna ba. McDonnell Douglas ya fito da DC-10, Lockheed ya fito da TriStar, jirage biyu masu kama da juna da ke neman masu saye iri ɗaya. Suka yi ta karya wa juna farashi. Lockheed ya ƙera 250 kawai, ya fita daga harkar jiragen fasinja da asara. A Turai kuma aka kafa Airbus a 1970, wanda don ya kutsa kasuwar Amurka sai da ya ba kamfanin Eastern jirage huɗu a 1977 ya gwada na wata shida ba tare da biyan kuɗin haya ba.

Shi kansa Pan Am cacar ba ta yi masa daɗi ba. Jiragen sun iso daidai lokacin da tattalin arziki ya ja baya, sannan farashin mai ya tashi a 1973, aka riƙa tashi da kujeru babu kowa. Kamfanin ya shafe shekaru yana tafka asara.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Trippe ya rasu a New York ranar 3 ga Afrilun 1981 yana da shekara 81. Ya bar matarsa Betty, wadda ya aura a 1928, da 'ya'ya huɗu. Shekara goma bayan haka, ranar 4 ga Disamban 1991, Pan Am ya rufe ƙofa.

A shekarar da ya rasu ne kamfanin Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya fara aiki. Da jiragen hannu aka gina shi, irin su Boeing 727 da BAC 1-11, daga bisani kuma jumbo don jigilar alhazai. Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina shi ma ya fara ne da jumbo na hannu, ciki har da waɗanda suka fito daga Japan Airlines. Manyan kamfanoni sun riƙa sakin 747 ne saboda samuwar jirage masu inji biyu irin su Boeing 777 da Airbus A330, waɗanda ba su kai ta shan mai ba. Ga mai jigilar Hajji, wanda babban aikinsa na 'yan makonni ne a shekara, jirgi mai araha mai ɗaukar mutum sama da 500 ya fi sabo mai bashin banki a kansa.

Sai dai araha ba ta ado. Tsohon jirgi yana cin mai da kuɗin gyara, kayansa kuma da dala ake saye. Bayan haɗarin jirgin BAC 1-11 a unguwar Gwammaja ta Kano ranar 4 ga Mayun 2002, gwamnatin tarayya ta dakatar da wannan samfuri, ta kuma sanya iyakar shekara 22 ga jiragen da za a shigo da su.

Dabarar Trippe ba ta mutu ba. A 2011 American Airlines ya raba odar jirage 460 tsakanin Airbus da Boeing, abin da ya sa Boeing ya gaggauta fito da 737 MAX. Amma kasuwar ta tsuke. Tun da Boeing ya haɗiye McDonnell Douglas a 1997, manyan masu ƙira biyu suka rage, kuma mai son sabon jirgi yau sai ya shiga layi na shekaru. Idan sabo bai iso ba, mai tsoho ba ya saki, kuɗin na hannu da na haya sai su tashi.

A Janairun 2023 Boeing ya miƙa jumbo ta ƙarshe, ta 1,574. Waɗanda suka rage suna ta tsufa, kuma duk jirgin da zai gaje su a filin Katsina, kuɗin sayensa ko hayarsa zai bayyana ne a cikin kuɗin kujerar da maniyyacin Daura zai biya.